Miyar Gwaggo Marar Barkono

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Gwaggo, yayar mahaifina, ta rasu a ɗakinta da ke Jigwada cikin garin Keffi, da hantsi, bayan ta sha koko ta ce a shimfiɗa mata tabarma ta ɗan miƙe bayanta. Ba ta yi doguwar jinya ba. Da ma ba ta son a yi ta ɗawainiya da ita, Allah kuwa Ya cika mata wannan buri.

Saƙo ya same ni a Lafiya, inda nake koyarwa, ban iso ba sai da aka dawo daga maƙabarta. Na tarar da maza a zaure suna karɓar gaisuwa, mata kuma sun cika tsakar gida har bakin rijiya. Na samu gefen tabarma na zauna ina sauraro. A zaman makoki ana yabon mutum da ƙarfi, a faɗi sauran halinsa ƙasa-ƙasa, kuma ranar na ji duka biyun.

Wata maƙwabciya ta ce, "Allah Ya jiƙan rai. Ɗana na uku, ba don ita ba da jinin hanci ya ƙarar da shi. Ga shi can yau yana tuƙa tifa a sabon birnin da ake ginawa."

Wata ta ce, "Mace mai gaskiya ce, sai dai taurin kai. In ta ce a'a, ko wuni za ka yi kana roƙo a'a ɗin ce."

Matar Baffa, wato matar ƙanen Baba, wadda bakinta ba ya hutu ko a gidan mutuwa, ta sunkuyo ta ce mini, "Allah Ya gafarta mata, amma miyarta kam sai haƙuri. Ni ban taɓa ganin 'yar Keffi da ke kaɗa kuka ba ko ƙwayar barkono ba sai ita." Na kusa da mu suka yi dariya cikin mayafi, sannan suka tuna inda suke, suka ce Allah Ya kyauta makwanci.

Mutum biyu ne ba su ce komai ba. Ta farko Inna, mahaifiyata. Tana zaune a ƙofar ɗakin mamaciyar, ta yi kuka har idanunta sun kumbura, alhali mace ce da ba a cika ganin hawayenta ba. Ta biyu tsohuwar ƙawar Gwaggo ce, 'yar Eggon, Kirista, mai sayar da kayan miya a Sabon Gari. Mama mai barkono muke ce mata tun muna yara. Ta shigo da kwano a ka, ta sauke a bakin madafi, ta ɗaga faifai, sai ga busasshen barkono jajir cike da shi. Matan gida suka dubi juna. Ita kuwa ta jawo kujerar tsuguno ta zauna kusa da kwanonta, ba ta yi wa kowa bayani ba.

Ina rubuta wannan ne saboda Gwaggo ba ta bar ɗa ba. Ta haifi biyu a aurenta na fari, ta binne su tun ba su yi wayo ba. Mijinta na biyu ya rasu, ta dawo gidan gado aka ba ta ɗaki kusa da rijiya. Wanda bai bar ɗa ba, da an watse daga makoki ba a jimawa sunansa ke fita daga hira. In har abin da za a riƙa tunawa da ita shi ne miyarta ba ta da daɗi, to gara a ji yadda aka yi miyar ta zama haka, domin ni ce dalili.

An haife ni 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, kuma ni ce 'yar fari. Baba ma'aikacin ofishin gona ne, bayan yaƙin basasa aka tura shi Makurɗi. A can haɓo ya kama ni. Ba sai na faɗi ba, ba sai wani ya taɓa ni ba. Ina zaune a aji sai in ji ɗumi a leɓena, in duba in ga littafina ya yi ja. In zafi ya kankama kuwa kusan kullum ne. An ba ni rubutu na sha, an ɗaura mini zare a ɗan yatsa, an rataya mini mabuɗi a wuya. Na rame, na yi fari, har maƙwabta suka fara yi wa Inna irin kallon da ake yi wa wadda za a zo wa gaisuwa ba da jimawa ba.

Gwaggo ta yi suna a unguwa da maganin yara, musamman haɓo, don haka Baba ya ɗauko mu ni da Inna zuwa Keffi. A gabana ya ce, "Yaya, ga ta nan. Ki yi mata magani, ki riƙe ta. Na ba ki ita halak malak."

Wannan ba baƙon abu ba ne a gidanmu. 'Yar fari, uwa ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, in aka ce za a ba wata riƙonta ba ta da bakin cewa a'a. Kunya ce da aka tarar ana yi, kuma Inna ta riƙe ta da gaske. Tana zaune kanta a sunkuye, tana zare zare daga bakin zanenta, ta zare wannan ta kama wancan. Gwaggo ta daɗe tana kallon hannun nan.

"A'a," in ji ta. "Jinya aka kawo mini, jinya na karɓa. Ranar da bazara guda ta wuce, daga farkon zafi zuwa ruwan shuka, haɓo bai zo mata ba, ka zo ka ɗauki 'yarka."

Baba ya ce, "Haba Yaya, ke da ba ki da mai ɗebo miki ko ruwa?"

"Rijiyar a ƙofar ɗakina take."

Magana ta ƙare a nan. Daga ranar ta sa mini suna Baƙuwa, kuma ba ta taɓa kirana da wani suna ba har ta koma ga Allah.

Washegari ta ja ni asibiti. Ta ce ba ta sa hannu a jinin da ba ta san asalinsa ba. Likita ya duba ni, aka ɗebi jini, ya ce babu wata cuta a ciki, jijiyar hanci ce ba ta da ƙwari. Ya ba da ƙwayar ƙarin jini, ta ƙulle a bakin zane, ta riƙa ba ni har ta ƙare. A hanyar gida ta ce, "Shi ya yi nasa. Saura nawa."

Haɓon farko a gidanta ya zo da azahar. Na ɗaga kai sama kamar yadda aka koya mini. Ta dafa ƙeyata ta mayar da ni ƙasa.

"Sunkuya. Jinin da ya ce fita zai yi ba a haɗiye shi."

Ta matse mini hanci da yatsu biyu, ta ce in yi numfashi ta baki. Da ɗaya hannun tana ɗibar ruwan randa da moɗa tana zuba mini a tsakiyar ka a hankali. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta kira kowa ba. Tana riƙe da hancina tana tambayata wai da gaske ne kifin Makurɗi yana kai girman mutum? Kafin in gama ba ta labari da muryar agwagwa, jinin ya tsaya. A gidanmu kowa rikicewa yake yi in abin ya zo, ni ma in rikice. Ranar na fara sanin ana iya yin haɓo ana hira.

A ganinta haɓo zafi ne da ke hawa kai, aikinta kuwa ta sauko da shi. Safe da yamma sai ta laƙato man shanu da ɗan yatsa ta shafa mini cikin hanci don kada ya bushe. Ranar Juma'a ta kwaɓa lalle ta dafa mini a tsakiyar ka da tafin ƙafa, har gashina ya koma ja, 'yan ajinmu suka samu abin tsokana. Kullum akwai jiƙon tsamiya a ƙaramar randa, in na dawo makaranta shi ne sallamata. Zoɓo nake sha ba citta ba kanumfari. In jinin ya yi gardama, ta tsoma tsumma mai tsabta a jiƙon bagaruwa ta danna mini a bakin hanci. Don mayar da abin da ya zuba kuma, sai kwaɗon zogale da rama, da 'yar hanta in ta je kasuwa. Wani lokaci ta yayyafa ruwa a jikin katanga ta ce in shaƙi ƙamshin ƙasar. Na tambaye ta ko shi ma magani ne, ta ce, "A'a. Wannan don ki daina zare ido ne."

Amma babban maganinta ba abin da ta ba ni ba ne, abin da ta hana ni ne. Barkono, attarugu, citta, masoro, yaji kowane iri. Ko da gaske barkono yana jawo haɓo, ni ban sani ba. Na tambayi waɗanda suka fi ni sani, wasu sun ce e, wasu sun ce ba tabbas. Ita dai haka ta yarda, kuma abin da ta yarda da shi ba ta yi masa rabi da rabi.

Sai an san Gwaggo kafin zuwana za a gane nauyin wannan. Baba ya ce tun suna yara takan tauna ɗanyen barkono kamar gyaɗa. In tana cin tuwo zufa na ɗiga daga haɓarta, tana jan hanci tana cewa alhamdu lillahi. Tana da ɗan gwangwanin yaji da take tafiya da shi biki, don ta ce miyar mutane ruwan wanke hannu ce. Ƙawancenta da Mama mai barkono ma a bakin tire aka ƙulla shi, domin ita ke ware mata ƙananan nan masu sa mutum kuka.

Kwana kaɗan da zuwana ta tattara duk wani abu mai yaji da ke ɗakinta, har da gwangwanin, ta zuba a ƙwarya ta raba wa maƙwabta. Matar Baffa ta ce, "Yaya, ki dafa mata nata daban mana, ki ci naki. Mene ne na wahalar da kai?"

Gwaggo ta ce, "Yaro ba ya jin magani in yana kallon bakin manya. Tukunya ɗaya nake ɗorawa."

Na ga yadda ta sha wuya. Takan kai loma baki ta yamutsa fuska kamar mai haɗiyar maɗaci, ta dube ni ta ce, "Baƙuwa, kin kashe mini baki." Daga baya ta koyi yi wa miyar dabara da daddawa da albasa da busasshen kifi, wani lokaci da yakuwa don ɗan tsami. Ni dai daɗi nake ji, don na manta ɗanɗanon wata miyar. Baƙi ne ke shan wahala, su ci su yi godiya, su fita su nemi ƙosai mai yaji a bakin titi.

Sau ɗaya Baffa ya tausaya mini, ya kawo tsire a takarda ya miƙo mini tsinke ta bayan zaure. Ban kai ga gutsura ba ta fito. Ta karɓa, ta zare naman cikin kwano, ta wanke shi tas da ruwa har sau biyu, ta miƙo mini. Sannan ta juya ga Baffa, mutum mai gemu da 'ya'ya, ta ce, "In jini ya zubo, a rigarka zan tare shi." Bai ƙara ba. Ni kuwa na ci wankakken tsire, abin da ba na yi wa ko maƙiyina fatan ci.

Inna tana zuwa in Baba ya samu hutu. Ta gaishe da kowa, har ta tambayi lafiyar awaki, ni kuwa ko kallona ba ta yi. Sai an natsu ta ce, "Yaya, ya haɓon?"

Wannan ce kaɗai ƙofar da al'ada ta bar mata, kuma Gwaggo ta san haka. Sai ta gyara zama ta ce, "Haɓon lafiya lau. Haɓon ya zo na biyu a aji. Rigar Sallar bara ta ɗage wa haɓon. Jiya haɓon ya tuƙa tuwo, da gudaji amma ya ciwu." Inna tana kallon ƙasa, gefen bakinta na motsi. Can sai Gwaggo ta miƙe ta ce, "Ni idona ya mutu, ba na ganin tsaga. Taimaka ki yi wa Baƙuwa kitso, zan leƙa maƙwabta." Idonta ƙalau yake, tana zura zare a allura ba ta nemi kowa ba. Ta fita ta daɗe. Inna ta ɗora kaina a cinyarta ta yi kitson da ya fi kowane kitso cin lokaci, ba ta ce mini uffan ba.

Bazarar farko jinin ya ragu amma bai tsaya ba. Ta biyu sai in na daɗe a rana. Zuwa lokacin Keffi ta zama gida a wurina. Na san kowane lungu daga Jigwada zuwa kasuwa, na saba da kwana a bayan Gwaggo, ƙannena na Makurɗi kuma sun zama kamar 'ya'yan wasu. Duk ɗigon da ya sauko na san shekara guda ya ƙara mini, kuma ban yi baƙin ciki da shi ba. Ita kuwa takan yi tsaki ta ce maganinta ya ba ta kunya. Amma na lura a irin ranar, da yamma, tana tankaɗe tana 'yar waƙa.

Bazara ta uku ta shigo da zafinta kamar kullum. Mangwaro ya nuna ya fara ƙarewa, ba jini. Gwaggo ta rage magana. Takan tsaya ta dubi gabas inda hadari ya fara haɗuwa yana watsewa, sannan ta dubi hancina, ta koma aikinta.

Wata rana da la'asar Mama mai barkono ta zo hira. Mutanen gida sun tafi suna, daga mu sai ita. Ina daka gero ina koyon jefa taɓarya sama in tafa in cafe, kamar yadda na ga manyan 'yan mata na yi. Na jefa, na tafa, ban cafe ba. Ta sauko mini a karan hanci. Jini ya ɓalle har gaban rigata.

Ban ji zafin ba don murna. Na ce, "Gwaggo, haɓo! Haɓo ne!"

Ta taso, ta sunkuyar da ni, ta matse hancin, ta jawo moɗa. Komai kamar yadda ta saba, sai dai ba ta tambaye ni labarin kifi ba.

Mama ta matso. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Ta ce, "Ƙawa, jini ne. Allah ya ba ka, karɓa. Ajiye rigan nan ka nuna wa ƙanenka."

Gwaggo ta ce, "Taɓarya ce."

"Wa ya gani? Daga ni sai kai. Ni ban ga komai ba."

"Ni na gani."

Na ce, "Wallahi Gwaggo haɓo ne."

Ta ce, "Haɓo ba a ganin wanda ya kawo shi. Wannan na ga mai kawowa. Yi shiru, kina haɗiyar jini."

Mama ta miƙe tsaye ta riƙe ƙugu. "Kai wane irin mutum ne? Za ka tsufa kai kaɗai a ɗakin nan, ba mai miƙa maka ruwa, saboda taɓarya? Uban ya ba ka, kai ne ka ƙi. Yanzu Allah ya sake ba ka, za ka sake ƙi?"

Gwaggo ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ɗauki mayafinki, rana na faɗuwa."

Mama ta fita tana faɗa da yarensu. Sun fi shekara ba sa magana, in Gwaggo za ta sayi albasa sai ta zagaya wani layi. Rigar kuwa a take ta cire mini ita, ta wanke da sabulun salo, ta shanya.

A makon aka yi ruwan shuka. Ta je tasha da kanta ta ba wani direban Makurɗi saƙo. Da Baba ya zo, ita ta fara gaya masa. "An ga jini sau ɗaya, na taɓarya ne, ba ya ciki."

Baba ya ce, "To Yaya, a ƙara shekara mana a tabbatar."

"Na tabbatar."

Ta haɗa mini man shanu a kwalba, da ƙullin lalle da na tsamiya. Ta ce wa Baba a gaya wa mai ɗakinsa kada a ba ni yaji sai damina biyu ta wuce, sannan a fara da kaɗan. Ta raka mu tasha. Ina kuka ina riƙe da zanenta, ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Baƙuwa, a sauka lafiya." Ta juya tun mota ba ta tashi ba.

Na yi fushi da ita, irin fushin yara da ba a faɗa kuma ba ya saurin wucewa. Abin da na yanke a raina shi ne ta fi son a ce maganinta ya ci a kan in zauna. Ba ni kaɗai na yi wannan tunani ba, mutanen gida ma haka suka ce. Ita kuwa ba ta taɓa kare kanta ba.

Shekarun da suka biyo baya kuɗin mai suka shigo ƙasa. Baba ya sayi mota, ya sa aka yi wa ɗakinta rufin kwano. Ta gode, ta ce kwano yana dafa kai, ta koma yin barcin rana a rumfar zana. Ina zuwa hutu jefi-jefi. Lokacin ina cin barkono kamar kowa, haɓo kuma bai sake dawowa ba. Miyarta tana nan yadda na bar ta. Na ce, "Gwaggo, na warke fa."

Ta ce, "Na sani. Bakina ne ya saba."

Na yarda, don ban ga dalilin da zai sa ta yi mini ƙarya ba. Da na yi aure ɗana na fari ya gado haɓon, na kawo mata shi na ce ta riƙe. Ta ce, "Zauna in koya miki, ki je ki yi masa a ɗakinki. Baƙo ɗaya ya ishe ni." Na ɗauka wahalar da na ba ta take nufi. Ta koya mini komai a wuni guda, har da yadda ake tambayar yaro labari ana riƙe da hancinsa.

Ranar sadakar uku da safe, ana shirin ɗora tukwane, na je na zauna kusa da Mama mai barkono. Kullum tana zuwa, kullum a wuri ɗaya take zama, kwanon na nan ba wanda ya taɓa. Ta tsufa, haƙoranta sun zube, amma muryar na nan. Inna tana ƙofar ɗaki inda take tun ranar farko, ba nisa.

Na ce, "Mama, wannan barkonon fa?"

Ta ce, "Nasa ne. Tun da ka tafi nake kawowa." Ta share ido da bakin zane. "Da muka gaji da gaba, na ɗauko barkono na zo mu shirya. Ya karɓe ni, bai karɓi barkono ba. Na ce yarinya ya tafi, ci abinka. Ya ce, haɓo ba ya yin alkawari, ana iya dawo da Baƙuwa. In na koma ci, ba zan iya sake bari ba. Kowane bazara ina kawowa, kowane bazara ina mayarwa."

Na ce, "Ta ce mini bakinta ne ya saba."

Ta yi dariya. "Saba? In ya zo wurina sayen albasa, sai ya ɗauki barkono ɗaya ya sansana ya ajiye. Har bana. Na tambaye shi maganar taɓarya, na ce me ya sa. Ya ce, uwar yarinya ba shi da baki. In ni ban yi masa gaskiya ba, wa zai yi masa? Da zafi ya shigo sai ya jiƙa tsamiya a ƙaramin randa, ba mai sha. Yana roƙon Allah kada a dawo da kai, yana jiƙa tsamiya."

Na ji kunya, na ji kewarta, kuma a karon farko tun da na iso na ji cewa lallai an yi mini mutuwa.

Mama ta tura kwanon gaba da ƙafa. "Yau dai ba zai ce in mayar ba."

Daidai nan matar Baffa ta fito daga madafi da muciya a hannu. Ta ce, "To, a daka barkonon nan a zuba ko? Jama'a ne za su ci, kada a yi abin kunya." Ta dube ni, sauran matan ma suka dube ni.

Ban kai ga buɗe baki ba Inna ta yi magana. Matar da ban taɓa jin ta ambace ni a gaban mutane ba, ko da suna ko da ishara. Ba ta ɗago kai ba, ba ta dube ni ba.

Ta ce, "A bar shi. Yadda take yi za a yi. 'Yarta tana nan, ita za ta dafa."

Mama ta dubi Inna, ta dubi kwanonta, ta jawo faifai ta rufe. Ni kuma na tashi na ɗaura zane a kan rigata, na nemi inda aka ajiye daddawa.

Allah Ya gafarta wa Gwaggo, Ya haɗa ta da 'ya'yanta biyu da suka riga ta. Ya sanyaya mata makwanci kamar yadda ta sanyaya mini kai.